Abin da Ya Kai Ni Masaukin Misfala

Misfala, Makka

Zuwa ga Malama Ɗaso,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Babanku ya sami sauƙi, ga abin da na gani, kamar yadda lauyan yayanki Umaru ya nema.

Ranar da za ku koma Kano bayan umara, na tsaya a ƙofar ɗakin Umaru a masauki. Wucewa nake yi. Wani dattijo mai suna Marwan ya shigo da kwalin dabino naɗe da salatif ruwan ƙasa, ya ce saƙo ne ga 'yarsa a Fagge. Umaru ya karɓa hannu biyu, ya sa a jaka. Bai buɗe ba, bai tambaya ba. A wurinmu, buɗe saƙon dattijo tuhumarsa ce. Fasfunan jabu da aka ce an samu a ciki, ban gan su ba.

Na fahimci cewa Babbar Kotun Tarayya ta ƙi sake duba hukuncin, kuma sai da izini za a ɗaukaka ƙara. Zan yi rantsuwa a ofishin jakadanci a Jidda. Da labarin shari'ar ya iso ni tun farko, da na yi magana.

Allah ya kuɓutar da shi.

Dawuda

Kano

Yaya Dawuda,

Wa alaikumus salam. Ya Makka, ya zafi? Baba da sauƙi, yana gaishe ka.

Kana nan yadda na san ka, kowace kalma sai ta hau sikeli! Duk shekarun nan ko "ya kike" babu, sai launin salatif.

Lauya ya ce shaidarka kaɗai ce sabon abin da zai sa a ba da izini. In aka hana, Umaru sai ya ƙarasa shekarunsa a gidan yari. Amma da lauyan ya zo kan "wucewa" sai ya ajiye takardar. Ɗakin nan a hawan ƙarshe yake, can ƙuryar lungu. Wucewa zuwa ina, sararin sama? Ya ce lauyan gwamnati zai kama wannan kalma ya zubar da sauran. Me ya kai ka? Me ya sa ka zura wa hannun Umaru ido haka?

Jiya na kai wa Umaru abinci. Ya rame, Yaya. Ya ce ya tuna ka tsaya kamar mai magana a baki, sai mota ta zo.

Ni ma na tuna. Ina cikin motar, ina ta leƙen ƙofa.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Ɗaso

Misfala, Makka

Malama Ɗaso,

Assalamu alaikum. Ya kike?

Na yi rantsuwar, takarda tana hanya. Komai yana nan yadda na rubuto miki, in ban da abu guda. Allah ya sa a ba da izini. Ki gaida Baba.

Dawuda

Gyara: ba wucewa nake ba. Na je ne in roƙi Umaru ya kai wa Baba maganar neman aurenki. Hannunsa nake kallo don ina jiran ya gama ɗaurin kaya. Haka na faɗa a rantsuwar, haka za a karanta a kotu. Na so ki ji kafin alƙalai su ji.