Tarin da Ya Raba Ni da Esengo

Litinin, 3 ga Maris

Tari. Sau biyu kacal na yi wajen karin kumallo, amma kunnen Dokta Odile ba ya barci. Ita ce likitar dabbobin sansaninmu, kuma in ta yanke magana ta yanku. Ta ajiye kofinta ta ce, "Papa Firmin, yau ba ka shiga daji." Na ce hayaƙin murhu ne. Ta ce, "To in hayaƙin ya tsaya, ka ƙara kwana biyar, sai mu yi magana."

Shekara goma sha huɗu ina bin gwaggon birin nan Mokonzi da iyalinsa. Ni na rubuta dokar hana mai mura zuwa wurinsu a allo da hannuna, yau ta hau kaina.

Talata, 4 ga Maris

An ba ni aikin tsofaffi: in tara baƙi masu yawon buɗe ido in karanta musu dokoki. Mutum huɗu a rana, awa ɗaya, taku goma tsakaninku da birai, ƙyalle a baki da hanci. Mai mura ya zauna. Sai in tsaya ina kallon bayansu har ganye ya haɗiye su.

Da suka dawo, wani ya nuna mini hoton Esengo, 'yar Mokonzi, a waya yana cewa, "Dubi wannan namijin!" Namiji wai. Ban ko gyara masa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Mongonje, tsohon da ke bin mana sawu, ya dawo yana murmushin mugunta. "Ka yi suruki, Firmin. Wani ƙaton gwaggon biri mai farin baya, shi kaɗai, yana kewaya fadama kwana uku ke nan. 'Yarka kuma sai leƙe take."

Na ce Esengo yarinya ce.

"Shekara takwas? Sha cittarka dai. Ko bammi ba zai kawo maka ba, balle ya nemi izini."

Gaskiya ya faɗa. Macensu in ta isa, barin gidan ubanta take yi ta bi wani namijin, kuma ba ta dawowa. In ta bi wanda bai saba da mutane ba, an gama, mu da ita sai labari.

Ina wurin ranar da aka haife ta, ba ta fi ƙunshin rogo ba. Tana shekara huɗu mura ta shiga cikinsu ta kashe uku, har da uwarta. Har yau ba a san wanda ya kai musu ba. Tun daga nan, in na kaɗa harshe yadda muke yi don su san mu ne, ita ce ke fara ɗagowa. Ban taɓa taɓa ta ba, ko sau ɗaya. Ina kewarta, abin kunya ga mai furfura.

Alhamis, 6 ga Maris

Ruwa tun asuba. Tarin yana nan.

Asabar, 8 ga Maris

Jibi Dokta za ta garin Weso sayayya, sai yamma. Na gwada kaina a bayan kicin da agogo a hannu: da zuma da citta na yi minti arba'in ban yi tari ba. In na ninka ƙyalle biyu, na tsaya taku ashirin... kallo ɗaya fa. Wa zai sani?

Na gaya wa Mongonje. Ya daɗe yana sassaƙar sandarsa. "Ni ba na hana babba," in ji shi. "Amma ka tuna, ni da kai muka haƙa ramin uwarta."

Wa ya tambaye shi.

Litinin, 10 ga Maris

Motar Dokta na tashi na ɗaure takalmana. Na tsaya gaban baƙi ina zuba dokoki kamar rediyo, zuciyata tuni tana fadama. Na zo kan "mai mura ya zauna", sai wata tsohuwar Baturiya, Madam Ilse, ta ɗaga hannu. Kwana uku ta yi a hanya, jirgin sama, mota, kwalekwale, kuma gobe za ta juya.

Ta ce maƙogwaronta na ƙaiƙayi tun jiya. Ba ta tari, ba ta atishawa, da ta yi shiru ko Dokta ba za ta gane ba. Ƙanwarta da suka zo tare tana ta zungurinta. Ita kuwa ni take kallo. "Ba komai, ko? Kai ka sani."

Na buɗe baki in ce ba komai. Abin da ya fito shi ne, "Ki zauna, Mama."

Ta zauna, ta cire hularta, ba ta yi gardama ba. To ni da wane ido zan tashi in bi su? Na kwance takalman na ce matse ni suke.

Muka wuni a rumfa mu biyu. Haushinta ya cika ni, har na ƙi miƙa mata shayi da farko. Ta ce tunda ba za ta gan su ba, in ba ta labarinsu. Na fara da Mokonzi, na ƙare a Esengo: yadda take wanke saiwar ciyawa kafin ta ci, yadda ta taɓa zama a kan jakata rabin awa ina tsaye ƙudaje na shan gumina. Awa uku ina surutu. Na yi tari sau huɗu, na ƙirga.

Laraba, 12 ga Maris

Mongonje ya ƙirga makwantan iyalin Mokonzi da safe. Takwas. Kullum tara ne. Sawu biyu sun yi arewa, babba da ƙarami.

Bai tsokane ni ba yau. Ya ajiye mini bandar kifi a ƙofa ya wuce.

Alhamis, 13 ga Maris

Tarin ya tsaya. Sai yanzu, ɗan banza.

Talata, 18 ga Maris

Na koma daji. Na kaɗa harshe, Mokonzi ya dube ni ya ci gaba da ɓare itacensa. Ba wanda ya ɗago bayansa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sauraren numfashi, har jinjirin da ke bayan uwarsa. Duk takwas ɗin lafiya lau. Na rubuta a takarda.

Juma'a, 21 ga Maris

Dokta ta ce suna so a fara bin sabon namijin har ya saba da mutane. Aƙalla shekara biyar ana kwana a tanti can arewa, ba baƙi, ba gado, ba abin da za ka gani sai kashi da ƙeyarsu suna gudu, in ya ga dama ya biyo ka da ihu. Kuma ba tabbas Esengo za ta zauna da shi.

Na ce shekarata hamsin da uku, gwiwoyina sun gama aiki, su nemi masu jini a jika. Mongonje ya yi dariya har ya ƙware.

Da la'asar na leƙa ɗakin kaya, don kawai in duba tantunan da ke yoyo, dole wani ya duba. Koren ne kaɗai ba ya yoyo. Na rubuta sunana a jikinsa, kar a haɗa shi da sauran.