Batul Ta Yi Jijjiga Sau Ɗaya, Ko Farfaɗiya Ce?

Assalamu alaikum Anti Iklima. Don Allah ki taimaka mini. Maigidana Rufa'i lafiyarsa ƙalau, yana kudu da motar shanu da yake tuƙawa. Babban ɗana Usaini lafiya, na goye ma lafiya. Wadda ba lafiya ita ce 'yata mai shekara uku da rabi, zan kira ta Batul. Ni ma ba zan ce lafiyata lau ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haifi biyu na shiga ajin manya.

Kitso nake yi a gidan hayar da muke, a unguwar Kumbiya-Kumbiya. Mako biyu ke nan, bayan la'asar ina yi wa wata mata kitso, Batul na kwance a tabarma gefena, jikinta zafi tun safe. Sai na ga ta sanƙare, ido ya juye, hannu da ƙafa suna karkarwa, kumfa a baki. Wata ta tura mata cokali a baki har dasashi ya fashe. Sauran matan gidan suka janye 'ya'yansu. Ba na jin an kai minti uku ta lafa, barci ya ɗauke ta. A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba mu magani. Layi ya yi tsawo, na ji nauyin tambaya. Da muka dawo na tarar an zuba toka a inda ta kwanta.

Zazzaɓin ya tafi, abin bai sake dawowa ba. Amma an ware mata moɗa a bakin randa. Masu zuwa kitso sun ɗauke ƙafa. Ba wanda ya faɗa mini komai a ido, gaisuwa ce kawai ta gajarta. Batul takan tsaya a ƙofar ɗaki da 'yar tsanarta tana kallon yara, ba mai kiranta. Rufa'i in na kira shi yana kan hanya, sai ya ce Allah ya sawwaƙe. Mahaifiyata ta rasu, ba ni da wanda zan zauna da shi in yi kuka.

Yanzu Inno, mahaifiyar Rufa'i, ta aiko cewa Juma'ar makon gobe za ta zo ta tafi da Batul garinsu Kwadon. Akwai mai magani da ke yin hayaƙi da jiƙo, kuma wai yarinyar ta zauna can har a manta. Inno tana sonta, takwararta ce, ban taɓa musa mata ba.

Anti, farfaɗiya ce? Ana ɗauka? In bari ta tafi? Ki amsa mini kafin ranar da za ta zo.

Maman Batul, Gombe

*

Wa alaikumus salam Maman Batul. Rubutunki ya fito sarai.

Jijjiga sau ɗaya ba ta nufin farfaɗiya. Yara daga wata shida zuwa shekara biyar sukan yi ta in zazzaɓi ya yi zafi, kuma yawancinsu suna girma su rabu da ita. Likitoci sun fi zargin farfaɗiya in abin ya maimaitu a ranaku daban ba tare da zazzaɓi ba. Abin da kika bayyana ya fi kama da na zazzaɓi, amma ni ban duba Batul ba. Ki koma wurin likitan yara cikin makon nan. Rubuta abin da kika gani da tambayoyinki a takarda, ki miƙa masa, kunya ba za ta sake hana ki ba.

Ko da farfaɗiyar ce, ba a ɗaukarta ta yawu, kumfa ko moɗa, kuma tana da magani. Maƙwabtanki tsoro ne ya kama su. Zaɓi guda ɗaya mai hankali ki faɗa mata abin da likita ya ce, za ta kai wa sauran.

In ya sake faruwa, kwantar da ita ta gefe, nesa da wuta da ruwa. Ba cokali, ba ɗura, ba dannewa. Duba agogo. In ya kai minti biyar, ko ya maimaitu, ko ta kasa farfaɗowa, sai asibiti nan take.

Inno jikarta take son karewa, kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Amma hayaƙi yana cutar da numfashin yaro, jiƙo kuma ba a san abin da ke cikinsa ba. Ɓoye Batul zai tabbatar wa unguwa abin da take zato ne kawai. Kira Rufa'i lokacin da ya yada zango, ki karanta masa wannan, shi ya yi wa mahaifiyarsa magana. Ki roƙi Inno ta zo da wuri ta raka ku wurin likita, ta ji da kunnenta, ta yi wa takwararta addu'a a nan.

Kada ki bari a tafi da ita. Yarinyar da yara suka guje wa ba ta buƙatar rasa uwarta ma. Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Anti Iklima