Tukunyar Iri Ce, Ba Randa Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ɗakin Tarihin Garinmu, Ƙasar Gummi.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da sauran dattawan kwamiti.

Asabar da ta wuce na kai kakata, Inna Tumba, ɗakin tarihin da kuka buɗe don tunawa da manoman da suka sari dajin nan suka kafa gari. Na je ne ba da dogon buri ba. Abin mamaki, na tarar da wurin a share, ƙofa a buɗe, mai kula da shi kuma yana bakin aikinsa. A ƙasar nan ba kullum ake haɗa waɗannan ukun ba. Allah ya saka muku da alheri.

Sai dai ina da ƙorafi.

Na farko. A kusurwar gabas akwai wata tsohuwar tukunya mai ƙaramin baki, an rubuta a jikin kwali cewa randar ruwa ce. Da Turanci aka rubuta, don haka ni na fassara wa Inna, ina jin kaina da digirina. Ta dube ni, ta dubi tukunyar, ta ce, "Ke da karatunki! Wagga ba randa ta ba. Ina moɗa za ta shiga?" Ta nuna mini busasshen yumɓu da ya rage a bakinta. Tukunyar iri ce. Da kaka, uwargida ke zaɓen zangarnun gero mafi kyau, ta sussuke, ta cuɗa da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin da yumɓu. Ba a fasa shi sai ruwan shuka ya sauka. Inna ta ce a wata shekarar yunwa, tana yarinya, mahaifiyarta ta wuni zaune a kan irin wannan tukunya, yara na kuka, maigida na lallashi, ta ƙi tashi don kada a cinye irin. Gonarsu na cikin 'yan kaɗan da aka shuka a daminar da ta biyo baya.

Na biyu. Jerin sunayen waɗanda suka kafa gari da ke bango duk maza ne. Mai karatu zai ɗauka bayin Allah nan su kaɗai suka zo, suka shuka toka, suka haifi junansu. Matan da suka ɗauko iri a ka tun daga tsohon garin da aka baro ba su sami ko layi ɗaya ba.

Ba na zargin kowa da mugunta. Ba a tambayi tsofaffin mata ba ne kawai. Shaida ita ce, mai kula da ɗakin bai yi musu ba. Ya jawo wa Inna kujera, ya durƙusa, ya cika bayan wata takarda da rubutu, har ya ce ita ma gwaggonsa ta taɓa faɗin haka. Amma ya ce ba shi da ikon canza kwali sai kwamiti ya zauna.

Ga abin da ya sa na rubuto. Inna ta tsufa ƙwarai. Sunayen matan nan tana lissafa su yau, gobe guda biyu sun ɓace mata. Sa'o'inta a unguwarmu ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Kwamiti na iya jira. Su ba za su iya ba.

Ina roƙon a gyara kwalin, a rubuta shi da Hausa, da boko da ajami. A kuma ba ni izini a rubuce in zaga gidaje da rikoda, in ɗauko muryoyin tsofaffin nan don ɗakin. Ba na neman alawus. Inna ta riga ta aika wa ƙawayenta su shirya, ta kuma sa an wanke mata zanen fita. Ban san yadda zan ce mata ana jiran zaman kwamiti ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya sa amsarka ta iske su da rai.

Wassalam.

Hadiza, jikar Inna Tumba.