Arɗo Hamajoda Ya Ci Huɗu

Yawunde

Goggo Petel,

Gaisuwa mai yawa, ya ciwon gwiwar? Ga takardu talatin, tambayoyi ne na auna himmar mutum wajen son ci gaba, na juya su daga Faransanci zuwa Fulatanci. Ki karanta wa mutane ki cika mini. In wata ya ƙare ban gwada su ba, malamina ya ce sai baɗi zan gama karatu.

'Yarki, Dudu

Tibati

Dudu,

Muna lafiya, gwiwa tana nan. Awonki ya lalace. Na tambayi Arɗo Hamajoda, mai garke bakwai, "Kana son ka fi tsaranka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Petel, me na yi miki?" Na ce to me yake son ya zama nan da shekara biyar, ya ce in tambayi Mai rayawa. Huɗu ya ci cikin ɗari. Sali, malalacin nan wanda tun rasuwar babanki yake kwance a gindin mangwaro, ya ci casa'in da takwas, har yana tambaya ko akwai kyauta.

Goggonki

Goggo,

Ina gaisuwa. Don Allah kada ki taɓa ko kalma ɗaya, dole su tafi daidai da na asali!

Dudu

Dudu,

Wasiƙarki ta makara. Na koma na ce wa Arɗo, "An ce bijimin Arɗo Sambo ya fi naka." Ya ce, "Wa ya ce?" Bai ƙarasa kindirmonsa ba ya ɗau sanda, tafiyar awa uku, ya je ya gani da idonsa. Ya dawo ya wuni yana bayyana mini yadda ƙahon na Sambo ya karkace. Sali kuwa na ce maƙwabcinsa ya fi shi gona, ya ce Allah ya ƙara masa, ya juya kwanciya. A wane layi zan rubuta wannan?

Goggonki

Goggo,

Barka da aiki! Malamina ya karanta wasiƙarki har da hawayen dariya. Ya ce in sake tambayoyin duka bisa salonki, ya ƙara mini wata biyu. Ya kuma ce dole sunanki ya fito a bangon littafin bincikena.

Dudu

Dudu,

Ke ba ki da kunya? Ni tsohuwa, a buga sunana duniya ta gani? Kada ki kuskura.

In kuma malamin ya nace, a sa shi a saman naki. Ki gaishe shi.

Goggonki