Na Shuka Gero a Gidan Haya, Saura Kwana Tara a Fitar da Ni

Gwaggo Daso, ina gaisuwa. Don Allah ki taimake ni kafin in zama abin kwatance a garin Yamai, ko da yake ina jin na riga na zama. Saura kwana tara a fitar da ni daga gidan haya, ni da mai ɗakina da yara uku. Ga damina ta yi tsaka, kuma ba ni da inda zan shimfiɗa ko tabarma.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Yekuwa. Shekara shida ke nan da na zo birni, ina gyaran taya a bakin titi. Na kama ɗaki biyu a gidan wata Hajiya Fadi, wadda mijinta ya rasu ya bar mata fili babba, ɗakuna a gefe guda, sauran duk sarari. Luwaye, wato kuɗin haya, jika goma sha biyar a wata. Bara aka tashe mu daga inda nake sana'a, aiki ya ja baya, har wata uku suka hau kaina.

Farkon damina ɗan Hajiya ya kawo mini takarda da Faransanci. Ni karatuna bai wuce aji uku ba, sai na kai wa wani mai kanti ya karanta mini. Ya ce an ba ni wata uku in tashi, gini za su yi. Na ji, na gane, ba zan yi miki ƙarya ba. To a nan ne wayona ya motsa, ni da tun ina yaro ake ce mini mai dabara.

A wurinmu, in mutum ya ara maka gona har ka zuba iri, magana ta ƙare. Ko faɗa kuka yi, ko ƴarsa ka saka, ba ya karɓar gonarsa sai ka yi girbi ka kwashe kara. Ban taɓa jin wanda ya taka wannan ba. Sai na yi wanka, na sa rigar Juma'a, na je na gai da Hajiya, na roƙe ta ta bar ni in ɗan yi shuka a sararin gidan. Ta ce in shuka mana, me zai hana. Na fito ina murmushi, a zuciyata na ce na ɗaure tsohuwa har kaka. Da ruwa ya sauka na zuba gero, na bi da wake a tsakani. Na yi noman fari, na yi maimai. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna dariya, ni kuwa na ɗauka sha'awa nake ba su. Wata ukun nan ko ɗaki ɗaya ban je nema ba, ɗan abin da ya kamata in tara don kama wani wuri kuma rabinsa taki na saya.

Shekaranjiya babbar mota ta zo ta juye yashi a kan kunyoyin gero huɗu. Geron ya fitar da kai, Gwaggo, wata ɗaya kawai yake nema. Na ruga wurin Hajiya ina tuna mata alkawari, ta tambaye ni wane alkawari. Ashe ita haifaffiyar birni ce, ta ɗauka nishaɗi nake yi irin na masu shuka fulawa. Ta ce ta riga ta biya magina, kuma ta yafe mini wata ukun da take bi na in dai na fita ranar da aka sa.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Mai ɗakina ba ta sani ba. Na ce mata Hajiya ta ƙara mana har bayan kaka, yashin kuma na ce na gyaran katanga ne. Jiya ma tana ta shirin aika wa iyayenta dami guda, don a gani a gida cewa ko a birni mijinta manomi ne. Sannan akwai Malam Habibu, shugaban ƴan yankinmu na Dungas mazauna nan, wanda ya sha kira na taron wata-wata ina ce masa ni na wuce zaman zaure. Yanzu da wane ido zan dube shi? Wani ya ce in kai ƙara. In ce wa alƙali me, an taka mini gero? Tsoro nake ji, wallahi, kunyar kuma ta fi tsoron yawa. Ki faɗa mini inda zan fara.

Sarkin Noman Gidan Haya, Yamai

Sarkin Noma, na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, sai dai ba ta yi nisa ba da na tuna yara uku da ruwan da ake yi kwanakin nan.

Al'adar da ka dogara da ita mai kyau ce, amma wanda ya san ta take ɗaurewa. Kai kuma ba aro ka je ba, tarko ka je ɗana wa Hajiya. Da ka faɗa mata a fili abin da kake nufi da shukar, da tun ranar ka ji amsa. Matar da ta ba ka wa'adi a rubuce, ta yafe maka bashi, ba azzaluma ba ce. Ita ma dai juye yashi a kan abinci bai yi kyau ba, kuma kwana tara cikin damina ya yi kaɗan ga mai iyali.

Gobe da safe ka ɗauki takardar ka je wurin mai unguwa, ka roƙe shi ya raka ka wurin Hajiya. Ka nemi abin da za ta iya bayarwa: sati biyu ko uku, ko ta bar muku ɗaki ɗaya magina su fara daga can gefe. Abin da aka shirya a rubuta, kowa ya sa hannu. Kada ka ambaci gero. Zancen ƙara ban ga ribarsa ba, amma in aka ce za a watso maka kaya waje ko a cire ƙofa, ka nemi masu ba da shawarar shari'a kyauta kafin ka ɗaga wa kowa murya. Ka leƙa ofishin taimakon jama'a na meri, wato ma'aikatar magajin gari, ka ba da sunanka, sai dai kada ka zauna jiran su.

Malam Habibu kuwa yau za ka je wurinsa. Mutanen zauren da ka raina su suka san inda ɗaki ya faɗi, da wanda ke neman mai gadin kango, da inda za a ajiye kaya. Za su yi maka dariya ta sati guda, ka daure. Karan da harawar ka yanka ka sayar wa masu kiwo, ɗanyen abincin dabba yana da daraja a birni. In duk aka rasa, iyali su koma gida zuwa kaka, kai ka kwana a zaure kana nema. Wannan ba faɗuwa ba ce.

Amma kafin mai unguwa, kafin Malam Habibu, ka zaunar da mai ɗakinka ka faɗa mata komai, tun ba ta ji a bakin magina ba. Za ta yi fushi, kuma tana da gaskiya, ka yi shiru ka sha. Ta san matan unguwa, wataƙila ma ita za ta riga ka samo ɗakin. Hajiya ba ta san tana yi maka alkawari ba, shi ya sa ban ce ta yaudare ka ba. Matarka kuwa ta yarda da maganarka wata uku, kai kuma kana sane da abin da kake yi mata. Wannan ne bashin da ba a yafe maka ba tukuna.

Allah Ya rufa asiri, Ya haɗa ku da ɗakin da ba ya yoyo.

Gwaggo Daso