Karatun da na kira tausa

Asabe,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na san ba za ki karanta wannan ba. Amma da ɗan bokon da kika koya mini a kan tabarma nake rubutawa, to wa zan rubuta wa in ba ke ba?

Kin tuna shekarar da masaƙa ta rufe, na koma dakon buhuna a Kudenda? Tun lokacin bayan nan nawa yake yi mini gargaɗi. Damina biyu bayan rasuwarki ya kayar da ni. Na sunkuya zan ɗauki buta, sai wani abu kamar wutar lantarki ya tsarga mini daga ƙugu har babban yatsan ƙafar hagu. Wata huɗu ina salla a zaune. Ni fa, Asabe, a kan kujera!

Kin san halina. Wanzami ya yi mini ƙaho sau uku. Wani mai ɗori a Tudun Wada ya tattaka ni kamar ƙasar gini. Na hana kowa ya gaya wa 'yarki ta fari. Maƙwabcinmu Baba Bitrus ne ya buga mata waya Jos, na yi sati ban amsa gaisuwarsa ba.

Ta zo ta kai ni aka ɗauki hoton baya. Wai wani faifai ne tsakanin ƙasusuwa ya zame ya danne jijiya. Ta zaunar da ni bakin gado, ta ce in miƙe ƙafa a hankali ina ɗaga kai, in sauke ina sunkuyar da kai, sau goma, in tsaya kafin zafi ya zo. Wannan ne maganin? Tana fita kasuwa na yi ɗari, da ƙarfi, ina cije baki, don a sanina maganin da bai yi zafi ba ba ya aiki. Kwana uku ko juyi ban iya ba.

Ba ta yi faɗa ba. Da ke ce, da duk unguwar Makera ta ji. Tambayata kawai ta yi, me ke samun zare a injin saƙa in an fizge shi. Ta ce jijiya ma so ake ta riƙa zamewa a hanyarta, ba a ja ta da ƙarfi ba. Shekara ashirin da ɗaya na yi ina lallaɓa zare, sai ga 'yar cikina tana tuna mini. Na bi. Goma da safe, goma da yamma. Juma'ar da ta wuce goshina ya taɓa ƙasa a cikin sahu. Na daɗe ban ɗago ba, har mutane suka zaci bayan ne ya riƙe.

Gwaibar da kika dasa ta yi 'ya'ya bana, jikoki sun hana ta nuna.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ranar da yarinyar nan ta samu gurbin karatun gashin ƙashi, na ce shekara biyar a jami'a don koyon tausa, abin da kowace tsohuwa ta iya? Kika ci gaba da suyar ƙosanki kina biya mata kuɗin makaranta har ta gama karatun. Ban je bikin yaye su ba, na ce ba ni da lafiya. Ƙarya ce, Asabe, lafiyata ƙalau. Girman kai ne. Ke ce da gaskiya. Na gode, na gode, Allah ya saka miki da Aljanna.

Saura ita. Kin san kunyar 'yar fari, ko sunanta ban taɓa kira ba, balle in buɗe baki in ce na yi kuskure. Sati shida tana nan, ba abin da ta ji daga bakina sai to. Hutunta ya ƙare, gobe za ta koma. In na bari ta tafi haka, sai yaushe? Ke ma ai haka na yi ta jiran wata rana in faɗa miki, har kika tafi.

Gobe in Allah ya kai mu, zan yi goman nan nawa, in raka ta da ƙafata har bakin titi. Kafin ta hau keke zan kira ta Hadiza, in faɗa mata. In muryar ta ƙi fita, zan sake.

Allah ya haskaka kabarinki.

Mijinki mai taurin kai,
Garba