Shinkafar Turawa Don Safi

Abijan, 9 ga Nuwamba 1963

Zuwa ga Yaya Barira, a Korgom.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina Inna da ƙafarta? Yaya kuka ga gujiyar bana? Allah ya saka maki da riƙon 'yata Safi tun rasuwar uwarta.

Ni lafiya lau. Ina nan kuku a gidan wani Bature ɗan Italiya. Murhun gashinsu ya ƙone mani hannu, amma ya kusa warkewa, kada ki gaya ma Inna.

Madam, matar Baturen, ta koya mani wata shinkafar ƙasarsu. A dafa ta da tumatir, a cuɗa da ƙwai da cuku, a gasa har samanta ya yi ja. 'Yarsu, sa'ar Safi ce, ba ta yarda ta ci sai a hannuna. Jiya ina hura mata loma sai hawaye suka zubo mani. Madam ta ce, “Talle, hannun ne?” Na ce mata eh.

Ga shinkafa nan na ba Malam Rufa'i direba. Don Allah ki yi ma Safi irinta. Ki jiƙa cukun Fulani ya yi taushi, ki rufe tukunya, ki zuba garwashi bisa murfin. Ban san yadda zan ce ki lausasa ta ba, don na baro yarinyar da haƙora biyu. Ki sa a rubuto mani haƙoran nawa ne yanzu.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Talle